Ƙorafi Kan Karya Hannun Zulkifli Saboda Kwafin Wata Kwamfuta

Ikilima Ubaidullahi,
Malamar Firamare,
Gwaram, Jihar Jigawa.
Litinin, 28 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Baturen 'Yan Sanda,
Ofishin 'Yan Sanda na Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Yallaɓai,

GAME DA: HARIN DA AKA KAI WA ZULKIFLI UBAIDULLAHI A SHAGONSA RANAR TALATA, 15 GA YULI, 2025, DA BARAZANAR DA TA BIYO BAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ni Ikilima Ubaidullahi, malamar aji biyar a wata makarantar firamare da ke Gwaram, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, Zulkifli Ubaidullahi, ɗan shekara ashirin da tara, mai shagon gyaran kwamfuta a layin teloli da ke Birnin Kudu.

A ranar da abin ya faru an kai rahoto ofishinka da baki, jami'in da ke bakin aiki ya rubuta, kuma ina gode masa. Sai dai a ranar Zulkifli ba ya iya buɗe baki, shi ya sa rahoton ya tsaya a kan "wasu mutane". Yanzu ya yi magana, kuma mutanen suna da suna. Ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon takardar. Na yi ƙoƙarin taƙaitawa, abin ya gagara.

1. Ranar Asabar, 12 ga Yuli, 2025, na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a shagon Alhaji Hambali, mai sayar da kayan lantarki a Birnin Kudu, domin karatun digiri da na fara daga gida. An ba ni ita a matsayin sabuwa fil, cikin kwali, bakin kwalin liƙe da salatif, tare da rasit mai hatimin shagon. Ban kunna ta ba. Daga shagon na wuce kai tsaye wurin Zulkifli, domin tun kafin in saya ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in danna komai sai ta biyo ta hannunsa.

2. Ya kamata in bayyana dalili, Yallaɓai, domin a nan komai ya samo asali. Zulkifli yana da wata al'ada a sana'arsa wadda abokan aikinsa ke yi masa dariya a kai. Duk sabuwar kwamfutar da aka kawo masa, ba ya barin ta tashi da kanta karon farko. Yakan tayar da ita ta filash ɗinsa, sannan ya kwafe faifan ajiyar da ke cikinta gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, zuwa wani faifai na waje. Ya ce ta haka ne, ranar da bairos ya cinye ta ko yara suka dagula ta, zai mayar wa mai ita da ita yadda ta fito daga kamfani. Aiki ne mai cin awoyi da man janareta, kuma sau da yawa ba ya karɓar komai a kai. Tun yana ƙarami haka yake. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ni na riƙe shi, na san halinsa: yaron da zai kwafe littafin darasinsa sau biyu don kada ruwan damina ya ci ɗaya.

Na bar masa kwamfutar, na hau motar Gwaram na koma gida.

3. Ranar Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi, ya kira ni a waya muryarsa wani iri. Ya ce kafin ya fara kwafin ya duba lafiyar faifan, kamar yadda ya saba, sai ya ga faifan ya yi aiki na awa dubu biyu da ɗari da arba'in. Sabon faifai, in ji shi, ba ya wuce 'yan awoyin da aka gwada shi a kamfani. Ya kuma ga lambar da ke rubuce a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ta sha bamban da wadda aka liƙa a ƙasanta da jikin kwalin. Duk da haka ya ƙarasa kwafin, sannan ya binciki kwafin, ba ita kanta kwamfutar ba, don ganin ko akwai abin da aka goge.

Akwai. Ya tarar da hotunan wata mata cikin fararen kayan ungozoma, da hoton katin shaidarta na aiki, da wani dogon rubutu a kan mata masu juna biyu a ƙauyukan Basirka, da hotunan wani dattijo zaune a kan buzu. Ya ce da ya ga hotunan matar mutane ne sai ya rufe, bai ci gaba da dubawa ba. Amma sunan da ke kan katin ya riga ya shige masa: Sharifa Abdulsalami. Duk wanda ke bin hanyar Gwaram zuwa Basirka ya san wannan suna. Ita ce ungozomar da aka tare ranar Alhamis, 13 ga Maris, 2025, cikin azumi, bayan la'asar, aka sare ta da adda, aka ƙwace jakarta, aka kashe ɗan acaɓan da ya ɗauko ta, Malam Ma'u, wanda ya bar 'ya'ya huɗu.

A ranar na dawo Birnin Kudu. Ya buga mini takarda ɗaya mai ɗauke da adadin awoyin, da lambar ciki, da hoton katin, ya ce in riƙe. Tana haɗe da wannan ƙorafi.

4. A nan ne muka yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce masa mu zo ofishinka a take. Ya ce a'a, Yaya, Alhaji Hambali mutumin kirki ne, sahu ɗaya muke sallar Juma'a, ƙila shi ma cutarsa aka yi a wurin sari, bai kamata ya ji maganar daga bakin hukuma ba alhali ba mu faɗa masa ba. Na biye masa. Da na dage, da yau ba wannan takardar nake rubutawa ba.

Ranar Litinin, 14 ga Yuli, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Zulkifli ya je shagon Alhaji Hambali shi kaɗai. Alhajin ya shigar da shi ɗakin ciki, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi, ya saurare shi har ƙarshe, ya yi salati, ya sa masa albarka. Tambaya biyu kawai ya yi: wa kuma ya sani, kuma ina kwafin yake. Zulkifli ya ce daga shi sai yayarsa, kwafin kuma yana shago cikin durowar ƙasa. Alhajin ya ce ya ba shi kwana biyu ya bi sawun wanda ya kawo masa kayan. Ƙanena ya fito da farin ciki, har ya kira ni yana cewa, ba na faɗa miki ba?

5. Ranar Talata, 15 ga Yuli, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, bayan an sauko daga sallar azahar, mutum huɗu suka iso shagon a kan babura biyu. Ɗaya daga cikinsu Zulkifli ya san shi sarai: Iliyasu, wanda ke sauke wa Alhaji Hambali kaya daga mota, dogo, mai tabon ƙuna a wuya. Sauran ukun bai san su ba, amma ya ce ko cikin mutum dubu zai nuna su. Biyu suna riƙe da gora, ɗaya da guduma a cikin jakar buhu. Suka shiga, suka ja ƙofar ƙarfe, suka bar janareta yana ruri a waje.

Iliyasu ya ce a ba shi kwamfutar da faifan. Zulkifli ya ce kwamfutar ta yayarsa ce, faifan kuma hukuma zai kai wa. Bai rufe baki ba aka sauke masa gora a gefen fuska. Ya faɗi kan teburin aiki, aka ɗago shi, aka ƙara masa. Haƙoransa biyu na gaba a nan suka zube. Suka fasa durowar suka ɗauko faifan da kansu, domin sun san inda yake. Ina roƙon ka lura da wannan, Yallaɓai: ba su yi lalube ba. Shagon yana da durowa shida, ɗaya suka nufa.

Da a ce abin da suka zo nema kawai suke so, sun samu, sai su tafi. Ba su tafi ba. Iliyasu ya tambaye shi ko akwai wani kwafin. Ya rantse da Allah babu. Suka ce ƙarya yake. Mutum biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan benci, Iliyasu ya zaro ƙarfen da Zulkifli ke narka dalma da shi, yana jone da wuta, ya ɗora masa a bayan hannu har sau biyu. Ya sake tambaya. Zulkifli ya sake rantsuwa. Sai mai gudumar ya matso. Zulkifli ya ce ya ƙirga bugu uku a kan hannun, daga nan bai ƙara sanin adadi ba. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai ba zafin ba ne, ƙarar ce, irin ta karan dawa idan an taka shi, da kuma yadda mai gudumar ke gyara tsayuwa kafin kowane bugu kamar mai aikin lada.

Bayan haka suka ajiye kwamfutar da faifan a ƙasa suka farfasa su da gudumar har suka zama tarkace, suka kwashe tarkacen a buhu. Suka rotsa kwamfutocin mutane guda biyar da ke jiran gyara, waɗanda ba ruwansu da komai.

6. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi hana ni barci, kuma a kansa nake roƙon hukuma ta fi tsanantawa. Suka buɗe ƙofa, suka jawo shi waje ta ƙafa, kansa na bugun dandamali, Iliyasu yana ɗaga murya yana cewa ɓarawo ne, mai karɓar kayan 'yan fashi, sun kama shi da kwamfutar ungozomar Basirka. Yallaɓai ya fi ni sanin abin da kalmar ɓarawo ke yi a bakin titi da rana tsaka. Kafin a ce me, mutane sun taru. Waɗanda ba su san shi ba suka fara jifa. Wani ya kwaɗa masa bulo a haƙarƙari. Wani ya tafi neman taya. Ana cikin wannan hargitsi mutanen huɗu suka hau baburansu suka sulale, suka bar jama'a su ƙarasa musu aiki.

Allah ya kawo Baba Shehu, telan da ke maƙwabtaka da shagon, dattijo mai shekara saba'in da wani abu. Ya fito da almakashinsa a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya, ya ratsa taron, ya kwanta a kan Zulkifli da jikinsa. Dutsen da aka jefo ya fasa masa goshi. Jini yana zuba a idonsa yana kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wane, ba shi ya gyara maka waya kyauta ba, wane, ba shi ya cike wa 'yarka takardar jarrabawa ba, duk mai son kashe shi ya fara da ni. Sai jikin mutane ya yi sanyi. Wanda ya kawo tayar ya ajiye ta a bakin kwata ya juya. Teloli suka ɗauke su su biyun a a-kori-kura zuwa asibiti.

Ni ina aji ina rubuta tambayoyin jarrabawa a allo aka kira ni. Ban san yadda na iso Birnin Kudu ba. Da aka nuna mini gadonsa na wuce shi, ban gane shi ba.

7. Bisa takardar likita, wadda kwafinta ke haɗe, ga abin da aka samu a jikinsa: karaya a yatsu huɗu da ƙashin tafin hannun dama, ƙuna biyu a bayan hannun, karayar haƙarƙari biyu, tsagewar muƙamuƙi, haƙora biyu da suka fita, da ɗinki goma sha ɗaya a ƙeya. Bai iya furta kalma ba sai ranar Alhamis, 17 ga Yuli. Likita ya ce yatsan manuni da na tsakiya da wuya su sake lanƙwasawa. Sana'arsa ta kama ƙananan sukurori ce, waɗanda ko mai lafiya sai ya riƙe numfashi. Matarsa Batulu tana da ciki wata bakwai. Ita ke ba shi kunu da cokali, idan ta fita waje ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo.

Ban da raunin jiki, an ɓata masa suna. Har yau akwai masu cewa ai ba a banza aka dake shi ba. Mutumin da ya ƙi ci gaba da kallon hotunan matar da bai sani ba don kunya, shi ake kira abokin 'yan fashi a garin da aka haife shi.

8. Ranar Asabar, 19 ga Yuli, wani mutum da bai faɗi sunansa ba ya zo asibiti da ledar lemo da ayaba, ya ce Alhaji Hambali yana jajantawa, kuma a shirye yake ya ba ni wata kwamfutar sabuwa, a bar maganar a matsayin ƙaddara. Na ce ya mayar da ledarsa. Ban san mun faɗa wa Alhajin cewa muna zarginsa ba, balle ya nemi sulhu.

Ranar Talata, 22 ga Yuli, da aka tashi daga makaranta, na tarar da Iliyasu a kan babur a ƙofar makarantarmu a Gwaram. A gaban ɗalibaina ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin mai gyara, sannan ya ce, ga kalmominsa yadda ya faɗe su: "Malama, ke ma da hannun dama kike rubutu a allo, ko?" Ya yi dariya ya tayar da babur. Maigadin makarantar ya ji, kuma ya yarda ya ba da shaida. Tun ranar na kwashe 'ya'yana na kai su gidan kakanninsu.

9. Ranar Asabar, 26 ga Yuli, na je Basirka na nemi gidan su Malama Sharifa Abdulsalami. Na same ta zaune a tsakar gida tana tsince wake da hannu ɗaya, domin na hagun bai ƙara aiki ba tun da ta tare adda da shi. Tabon saran ya taso daga kunnenta har haɓa. Ba ta koma aiki ba. Na nuna mata takardar da Zulkifli ya buga. Ta daɗe tana kallon hoton katinta, sannan ta aika aka ɗauko kwalin kwamfutarta daga ƙarƙashin gado, domin ba ta yar da shi ba. Muka gwada lambar da ke jikin kwalin da lambar da Zulkifli ya ciro daga cikin kwamfutar da aka sayar mini. Harafi da harafi, lamba da lamba, ɗaya ce. Na ɗauki hoton kwalin, yana haɗe.

Ba ta tambaye ni wa ya sayar ba, ba ta tambayi ko za a kama wani ba. Abin da ta tambaya shi ne ko hotunan dattijon nan na kan buzu suna nan. Mahaifinta ne, ya rasu wata ɗaya bayan an tare ta, tana kwance a asibiti ba ta samu ganin gawarsa ba, kuma ba ta da hotonsa a ko'ina sai a cikin kwamfutar. Yallaɓai, ni aka bar wa faɗa mata cewa hotunan sun dawo, sun yi kwana biyu a durowar ƙanena, sannan aka sa musu guduma. Na koyar da yara shekara goma sha takwas, ban taɓa rasa yadda zan fara jimla ba sai a ranar.

Ba na cewa Alhaji Hambali ne ya tare hanya, domin ban gani ba, kuma ina tsoron Allah. Abin da na sani shi ne kayan da aka kashe mutum a kansu sun fito daga shagonsa cikin sabon kwali da lambar ƙarya, mutum ɗaya aka faɗa wa inda kwafin yake, kuma washegari yaron shagonsa ya zo da guduma.

Bisa ga abubuwan da suka gabata, ina roƙon ofishinka cikin ladabi da ya yi waɗannan:

Na farko, a kama Iliyasu da mutum ukun da suka raka shi, a gurfanar da su bisa raunata Zulkifli da yunƙurin sa jama'a su kashe shi.

Na biyu, a gayyaci Alhaji Hambali ya bayyana inda ya samo kwamfutar, a kuma binciki sauran kwamfutocin da ke shagonsa tun kafin a kwashe su. Ranar da na yi sayayya na ga irin kwalin nan guda bakwai a kan kanta. Ban san ko na su wane ne ba.

Na uku, a haɗa wannan bincike da na kisan Malam Ma'u da saran Malama Sharifa, tare da ofishin 'yan sanda na Gwaram.

Na huɗu, a ba da kariya ga Zulkifli a asibiti, da Baba Shehu, da Malama Sharifa, da ni.

Na biyar, idan bincike ya kammala, hukuma ta faɗa da bakinta, a inda mutanen layin teloli za su ji, cewa Zulkifli Ubaidullahi ba ɓarawo ba ne. Wannan shi kansa ya ce in rubuta, kuma ya ce ko sauran ba su samu ba, a taimaka masa da wannan.

In Allah ya kai mu ranar Alhamis, 31 ga Yuli, da ƙarfe tara na safe, za mu zo ofishinka mu uku domin ba da shaida: ni, da Baba Shehu, da Malama Sharifa. Tun ranar da aka tare ta ba ta ƙara hawa babur ba, ko ƙararsa ta ji a bayan gida sai ta shige ɗaki, kuma daga ƙofar gidansu zuwa inda ake samun mota sai da babur. Na ce mata ta zauna, zan kawo kwalin a madadinta. Ta ce a'a, da ƙafarta za ta shigo, ta ajiye shi a kan teburinka da hannun da ya rage mata.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya ba shi ikon tsayar da gaskiya.

Taka cikin girmamawa,

Ikilima Ubaidullahi
A madadin Zulkifli Ubaidullahi

Abubuwan da ke haɗe: rasit ɗin sayen kwamfuta, takardar da Zulkifli ya buga ranar 13 ga Yuli, takardar likita, hoton kwalin Malama Sharifa Abdulsalami.